Ranar da aka fara cin yaronka tarar gudun wuce kima: yadda za ka bi da lamarin

Takardar tara takan iso gida ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai yaron ya shigo jiki a sanyaye ya miƙo maka ita yana kallon ƙasa, ko kuma kai ka tsince ta a cikin wasiƙu da sunanka a jiki, domin kyamarar titi lambar mota take ɗauka, motar kuwa da sunanka aka yi mata rajista. Ko ta ina ta ɓullo, ɓacin rai ne zai fara taso maka, amma in ka duba da kyau za ka ga tsoro ne a ƙarƙashinsa. Ka riga ka hango inda wannan gudun zai iya ƙarewa da ba jami'i ne ya tsayar da shi ba.

Abu biyu ake so a samu a wannan lamari, kuma sukan yi karo da juna in ba a yi hattara ba. Ana so yaron ya ɗanɗana nauyin abin da ya yi da kansa, ana kuma so gobe in wani abu ya same shi a hanya kai ne mutum na farko da zai kira. Uban da ya biya tarar a ɓoye ya shafa kan ɗansa ya rasa na farko. Wanda ya yi ta zuba ruwan faɗa har maƙwabta suka ji ya rasa na biyu. Da uba nake magana a nan don sauƙin zance, amma uwa ma da ita ake, kuma duk inda na ce yaro, yarinya na ciki.

Mataki na farko: a daren nan, kame bakinka

Tambaya ɗaya ce ta zama dole: "Lafiyarka ƙalau? Ba a taɓa kowa ba?" In ya ce lafiya, ka karɓi takardar da makullin motar, ka ce masa, "Je ka kwanta, gobe za mu zauna." Shi ke nan. Hukuncin da aka yanke cikin fushi yawanci ya fi ƙarfin laifin, kamar a ce "ba za ka ƙara taɓa mota ba sai ka yi shekara," bayan kwana goma kuma a buƙaci wanda zai kai ƙannensa makaranta a mayar masa da makulli. Daga ranar ya gane maganarka ba ta da nauyi.

In shi ya kawo maka takardar da hannunsa, ka faɗa masa a fili cewa ka ji daɗin hakan. In kuwa ɓoyewa ya yi sai da ka gano, laifi ya zama biyu, kuma ka raba su. Gudun daban, ɓoyewar daban. A wurina ɓoyewar ce ta fi muni, don tarar da aka ƙi kulawa da ita har wa'adinta ya wuce takan ninka, a wasu wuraren ma takan kai ga dakatar da lasisi ko sammacin kotu.

Mataki na biyu: ku karanta takardar tare, shi ne zai karanta

Washegari ka ajiye takardar a gabansa, ka ba shi biro. Ya fitar da waɗannan da kansa: rana da lokaci, wurin da abin ya faru, iyakar gudun da aka ƙayyade a wannan titin, gudun da aka ce ya yi, sashen dokar da aka ambata, da kuma ranar ƙarshe ta biya ko ta bayyana a kotu. Ku ɗauki hotonta gaba da baya, ku sa ranar wa'adin a wayoyinku duka biyu.

Abin da ya fi muhimmanci a cikin lambobin nan shi ne tazarar da ke tsakanin iyaka da gudun da ya yi. Wanda ya ɗara da kilomita 10 a awa da wanda ya ɗara da 40 ba laifi ɗaya suka yi ba, a idon doka da kuma a idonka. A wurare da yawa, in tazarar ta yi yawa, laifin yakan tashi daga na tara kawai ya koma tuƙin ganganci, wanda kan iya zama babban laifi da ke shiga tarihin mutum. Haka ma in a gaban makaranta ne ko inda ake aikin hanya, hukuncin yakan fi tsanani.

Kada ka yi saurin biya don a huta. A dokokin ƙasashe da dama, biyan tara daidai yake da amsa laifi, kuma da zarar kuɗin sun shiga, ƙofar ƙalubalanta ko neman sassauci ta rufe. Sannan ka duba ko takardar ta yarda a biya ba tare da zuwa kotu ba. A jihohi da dama na Amurka, direban da bai kai shekara 18 ba sai ya bayyana gaban alƙali tare da mahaifinsa ko mai riƙonsa.

Mataki na uku: nemo dokar da ta shafi sababbin direbobi

A nan iyaye da yawa suke tuntuɓe. Suna auna tarar yaron da irin wadda su aka taɓa ci, alhali ƙasashe da dama sun ware wa sabon direba doka mai tsauri ta daban. New Zealand ce ta fara tsarin ba da lasisi hawa-hawa a 1987, wasu ƙasashe suka bi sahu. A Birtaniya, dokar sababbin direbobi ta 1995 ta ce duk wanda ya tara maki 6 na laifi, wato makin da ake rubuta wa lasisi in an karya dokar hanya, cikin shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi, za a soke lasisinsa, ya koma ya sake jarrabawar rubutu da ta hanya. Laifin gudu ɗaya kuwa maki 3 ne mafi ƙaranci, ka ga tara biyu sun isa. A Jamus sabon direba yana zaman gwaji na shekara biyu, in ya ɗara iyaka da kilomita 21 ko fiye, a ƙara masa wasu shekara biyun kuma a tilasta masa zuwa kwas. A Faransa da maki 6 yake farawa maimakon 12, ana zaftarewa duk lokacin da ya yi laifi.

Don haka ka shiga shafin hukumar da ta ba da lasisin, ko ka je ofishinta, ka samo amsar tambaya uku. Wannan laifin maki nawa ne? Maki nawa ke kai ga dakatar da lasisin irin nasa? Shekara nawa laifin zai zauna a tarihinsa? Labarin abokin aiki da ɗansa ya taɓa shiga irin wannan ba hujja ba ce, doka takan canja.

Mataki na huɗu: kada ka ɗaukar masa laifin

Wannan gajere ne amma ba wasa a ciki. In kyamara ce ta kama motar, a wasu ƙasashe takardar takan nemi a faɗi wanda ke tuƙi. Zuciya za ta raya maka cewa kai lasisinka tsaf yake, maki uku ba za su yi maka komai ba. Kada ka fara. A 2013 kotu a Ingila ta ɗaure Chris Huhne, tsohon minista, wata takwas, ta ɗaure tsohuwar matarsa ita ma wata takwas, saboda ta karɓi makin gudun da shi ya yi tun 2003. Shekara takwas maganar tana binne, ta tashi. Haka nan neman wani babba ya sa baki a yaga takardar, ko miƙa wa jami'i wani abu. Ko da ta yi aiki, darasin da yaron ya kwasa shi ne doka ta marasa gata ce, kuma da wannan tunanin zai riƙa hawa titi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Mataki na biyar: zaman magana

Wannan shi ne gundarin aikin, sauran duk takardu ne. Ku zauna inda babu ƙanne, a ajiye wayoyi. Ka fara da tambaya, ka kuma jure shirun da zai biyo baya. "Ba ni labarin abin da ya faru tun daga lokacin da ka tayar da mota." Ina za shi? Ya makara ne? Wa ke cikin motar? Wayarsa tana ina? Ya san gudun da yake yi, ko sai da aka tsayar da shi ya duba maleji?

Amsoshin nan su ne za su nuna maka ciwon da za ka yi wa magani, don ba duk gudu ne iri ɗaya ba. Akwai wanda bai lura ba, titi ya buɗe, mota ta yi laushi, ƙafa ta nutse a totur. Wannan rashin ƙwarewa ne, horo ke gyara shi. Akwai wanda kullum a makare yake fita, shi kuma matsalarsa agogo ce, ba mota ba. Akwai kuma wanda ya ƙure maleji da gangan don abokai na baya suna zuga shi, ko don wata mota ta wuce shi ya ji ba zai yarda ba. Wannan na ukun shi ne abin tsoro.

Maganar abokai ba zargi ba ne na tsofaffi. A 2005 masanin halayyar ɗan Adam Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka, tare da Margo Gardner, sun sa mutane wasan tuƙi a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu da sa'o'insu a gefe. Matasa sun fi yin kasada sosai da zarar abokai na kallo, manya kuwa bambancin bai taka kara ya karya ba. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wannan ba uzuri ba ne da za ka ba shi, dalili ne da zai sa kai ka gina masa shingen da shi bai iya gina wa kansa ba tukuna.

Zai kawo uzurori, ka saurara. "Baba, kowa ma haka yake gudu a wurin." Ƙila gaskiya ne, amma kowa ba shi ne ya yi wata shida kacal da karɓar lasisi ba. "Malejin ne ba daidai ba." Da wuya. Ƙa'idar ƙera motoci a Turai da wasu ƙasashe ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudun mota, shi ya sa yawanci yakan ɗan ɗara ne. In na'urar jami'i ta ce 80, allurar da ke gabansa ta kai 80 ko ta wuce, sai fa in an sa wa motar tayoyin da ba girmanta ba.

Daga nan sai ka ɗauko takarda ku yi lissafi. Na fi yarda da lissafi a kan hotunan haɗari, don matashi yana kallon hoton ya ce wannan wani ne. Tafiyar kilomita 10 a gudun 60 minti goma ce. A gudun 80, minti bakwai da rabi. Ribar duka minti biyu da rabi ce, kuma danja ɗaya ta isa ta cinye ta.

Sai ku duba abin da aka saya da wannan minti biyu da rabin. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. A ce yaro ya faɗo titi, direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, zai tsaya cikin kimanin mita 28. Mai gudun 70 yana bukatar kimanin mita 46. Ga inda abin yake da ban tsoro: a daidai wurin da mai 50 ya tsaya cak, mai 70 yana nan yana tafe da gudun da ya haura 55. Dalili shi ne nisan birki ba ya ƙaruwa daidai da gudu. In gudu ya ninka biyu, nisan birki ninkawa huɗu yake yi, ƙarfin karo ma haka. Karo a gudun 50 kamar faɗowa ne daga tsayin mita 10, a gudun 100 kuwa kusan mita 40.

In yana son alƙaluma daga manya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Ta ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4. A Amurka, in aka auna da nisan tafiya, direbobi 'yan 16 zuwa 19 sun ninka 'yan 20 zuwa sama kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai. Ka faɗi ɗaya ko biyu ka tsaya. Wa'azi in ya yi tsawo kunne kan toshe.

Mataki na shida: biya, kwas, ko kotu

Yawanci zaɓi uku ne. In laifin ƙarami ne kuma ba zai taɓa lasisin ba, a biya kafin wa'adi a adana rasit. In hukuma tana ba da damar zuwa kwas na gyaran tuƙi a madadin maki, kamar yadda ake yi a Birtaniya da jihohi da dama na Amurka, ni wannan nake zaɓa, ko da kuɗinsa ya kai na tarar. Zai ɓata yini guda a zaune, tarihinsa kuma ya tsira. Sai dai damar tana da sharuɗɗa, ba a kuma bayar da ita a kai a kai. A Birtaniya sai an shekara uku kafin a sake samu.

Ƙalubalantar tara sai da hujja ta gaske: lambar mota ba taku ba ce, allon iyakar gudu ya faɗi ko bishiya ta rufe shi, ko yaron ba shi ke tuƙi ba. In haka ne ku koma wurin da wuri ku ɗauki hotuna. "Ban yi zaton na kai haka ba" ba hujja ba ce. In kuma lasisin na cikin haɗari, ko an rubuta tuƙin ganganci, ka nemi lauya mai aikin laifukan hanya kafin ku ce komai.

Ranar kotu ya sa tufa mai mutunci, ku isa da wuri, da lasisi da takardun mota da na inshora. Ka zauna kusa da shi, amma shi zai yi magana. Ya amsa abin da aka tambaye shi kawai, ban da gardama, ban da murguɗa baki. Rawar da muryarsa za ta yi a gaban alƙali ta fi faɗanka na wata guda aiki, kada ka hana shi jin ta.

Mataki na bakwai: aljihun wa?

Nasa. In yana da ɗan aiki ko ajiya, ya biya. In ba shi da ko sisi, ka biya don kada wa'adi ya wuce, amma bashi ne, a rubuta, ya riƙa ragewa daga kuɗin kashewarsa ko ya biya da aikin da aka yanka wa ƙima. Ka nuna masa kuɗin da ba ya gani ma. Kamfanonin inshora a wurare da yawa suna duba tarihin direba na shekara uku zuwa biyar, ƙarin da za su yi kan iya zarce tarar kanta nesa ba kusa ba. Ka karanta takardar inshorarka ka ga ko yanzu ake so ka sanar da su ko sai lokacin sabuntawa. Ɓoye musu kan iya sa su ƙi biya ranar da aka yi haɗari.

Mataki na takwas: hukuncin gida

Hukuncin da ya dace shi ne wanda ya shafi mota, mai ranar farawa da ranar ƙarewa, wanda kuma za ka iya tsayawa a kai. Ƙwace masa waya ko hana shi ƙwallo ba su da alaƙa da gudu. Hana shi tuƙi na wata da watanni kuma yana da nasa aibin, don sabon direba da tuƙi yake ƙwarewa, in ya daɗe bai taɓa sitiyari ba hannunsa ne zai mutu.

Abin da na ga ya fi shi ne a mayar da shi baya hawa ɗaya, ya sake hawowa. Misali, mako biyu ba ya tuƙi sai kana gefensa. Sai wata guda yana fita shi kaɗai, amma makaranta ko wurin aiki kawai, da rana, ba fasinja ko ɗaya. Daga nan a buɗe masa sauran a hankali, tuƙin dare da ɗaukar abokai su zo a ƙarshe, don su biyun ne suka fi jefa matasa cikin haɗari. In gudun ganganci ne ya yi, ka ninka kowane hawa. Ku rubuta wannan a takarda ɗaya, da abin da zai biyo baya in an sake cin sa tara, ku sa hannu ku biyu. Kuma lallai bakinka da na mahaifiyarsa ya zo ɗaya kafin a kira shi. Yaro ya fi kowa sanin ƙofar da ba a sa wa sakata ba.

Ka sa sharaɗi ɗaya da zai zama nasa: duk daren da ya ga ba zai iya tuƙi lafiya ba, barci ne ko wani abu, ya kira ka, za ka zo, kuma ba faɗa a daren.

Mataki na tara: koma kujerar gefe

A makonnin nan da kake gefensa, ku bi ta titin da aka kama shi. Ka sa ya riƙa faɗin iyakar gudu da baki duk inda ya ga allo. Wani lokaci ka ce ya ƙiyasta gudunsa kafin ya kalli maleji, zai yi mamakin yadda yake rainawa, musamman in ya sauko daga babban titi ya shiga gari, inda 70 take zama kamar tafiyar hawainiya. Koya masa barin tazarar daƙiƙa uku tsakaninsa da motar gaba, ya ƙara in ana ruwa. Koya masa yadda zai koma gefe ya bar mai matsa masa ya wuce ba tare da ya ji an ci shi da yaƙi ba. Ku ma gwada abin da zai ce wa abokin da ke zuga shi. "Motar nan tana kai wa babana rahoto" ta fitar da yara da yawa daga kunya.

Kuma tana iya zama gaskiya. Wasu motocin Ford na da MyKey, makullin da ake ƙayyade masa iyakar gudu, Chevrolet na da Teen Driver mai ajiye bayanin tuƙi, akwai kuma manhajojin waya irin su Life360. In za ka yi amfani da su, ka gaya masa, ka kuma faɗi ranar da za a cire. Leƙen asiri a ɓoye, ranar da ya gano, zai koyi barin wayar a gidan aboki ne kawai.

Saura kai. Shekara goma sha yana zaune a bayanka yana kallon allurar nan, ya ga lokacin da kake taka birki don ka hango jami'i, ya ga kana amsa waya a kan sitiyari. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ya ce, "Ai Baba kai ma kana yi," kada ka ce ya yi maka rashin kunya. Ka ce, "Gaskiya ne, daga yau in ka ga na wuce ka faɗa mini." Zai faɗa kuwa, tun kafin ku fita layinku, kuma dole ka ɗaga ƙafa.